Su Wane Ne Rumawan Da Alƙur'ani Ya Ambata?

 

A zaurukan karatu na Kambarawa da sauran tsofaffin unguwannin birnin Katsina, idan tafsiri ya kai Suratur Rum, watau sura ta 30, mai fassara yakan bayyana cewa an rinjayi Rumawa a yaƙi, kuma an yi alkawarin su ma za su rinjaya cikin 'yan shekaru, sa'an nan ya wuce gaba. Sau da yawa almajiri yakan tashi bai san ko su wane ne ba. Wani ya zaci mutanen birnin Rum ne na ƙasar Italiya, inda Paparoma ya ke. Wani ya ce ai Turawa ne kawai. Ƙaramin yaro ma yana iya zaton Rumar ƙasar Batsari a ke nufi, tun da ita ya sani. Alhali kuwa al'umma ce wadda Musulmi suka yi maƙwabtaka da ita shekara 800 da ɗoriya, ana yaƙi, ana ciniki, ana musayar fursunoni da littattafai. Wanda bai san labarinta ba, akwai wurare da yawa cikin tafsiri da hadisi da fiƙihu da za su shige masa duhu.

Tsohuwar daular Rum ta yi faɗin da ya fi ƙarfin sarki guda. A shekara ta 330 Miladiyya Sarki Ƙusɗanɗin ya kafa sabon babban birni a bakin mashigin ruwan da ya raba Turai da Asiya, aka sa masa sunansa, Ƙusɗanɗiniyya. Shi ne Istanbul na ƙasar Turkiyya a yau, wanda Hausawan dā ke kira Santambul. Rabin daular na yamma ya rushe a 476, na gabas kuwa ya ƙara kusan shekara 1,000 a tsaye. Harshensu Yunananci ne, addininsu Nasaranci, amma da Rumawa su ke kiran kansu, haka kuma Larabawa suka san su. Sunan Bizantiya da a ke gani cikin littattafan makarantun boko, malaman Turai ne suka laƙaba wa daular bayan ta riga ta shuɗe.

Mutanen Makka sun san su sarai, gama ayarin Ƙuraishawa na Sham cikin ƙasarsu ya ke sauka, a Busra da Gazza. Dinarin da a ke ma'amala da shi a zamanin Annabi (S.A.W.), wanda aka yanke nisabin zakka da guda 20 nasa, bugun Rumawa ne, da surar sarkinsu a jiki. Sai a shekara ta 77 ta Hijira Abdulmalik ɗan Marwan ya buga dinarin Musulunci mai rubutu zalla.

To, rinjayen da surar ta ambata ga yadda ya faru. A 602 wani hafsa mai suna Foƙas ya yi tawaye ya kashe Sarki Moris da 'ya'yansa. Kisra Abarwiz na Farisa, wanda Moris ya taɓa taimaka wa ya koma gadonsa, ya sami hujja, ya ce fansar abokinsa zai ɗauka. A 610 Hirƙal, ɗan gwamnan Ƙarɗajanna ta ƙasar Tunisiya ta yanzu, ya zo da jiragen ruwa ya tuɓe Foƙas, amma ya gaji gida yana cin wuta. Farisawa suka ci Dimashƙa a 613, suka ci Baitul Muƙaddas a 614, suka tafi da gicciyen da Nasara ke girmamawa, suka shiga Iskandariyya a 619. Masar kuwa ita ce rumbun daular. Cikin waɗannan shekaru aka daina rabon gurasa kyauta da mutanen babban birnin suka saba da shi kaka da kakanni. Duk mai duban al'amari da ido a lokacin nan zai ce Rum ta gama yawo. Mushirikan Makka suka yi murna don masu bautar wuta sun kā da ma'abota littafi. Malaman tafsiri sun ruwaito cewa Sayyidina Abubakar ya sa sharaɗi da Ubayyu ɗan Khalaf a kan alkawarin surar, tun ba a haramta irin wannan ba, kuma sun bayyana cewa kalmar bid'u tana nufin daga 3 zuwa 9.

A 622, shekarar Hijira, Hirƙal ya fita da kansa. Kuɗin yaƙin daga majami'u suka fito, aka narkar da kwanoninsu na zinariya da azurfa. Maimakon ya bi Farisawa yana ƙwato garuruwa ɗaya bayan ɗaya, sai ya zagaya ta duwatsun Armeniya ya faɗa tsakiyar ƙasarsu. A 626 Farisawa da ƙabilar Awar suka kewaye Ƙusɗanɗiniyya ba ya nan, bai juyo ba, birnin kuma bai faɗi ba. A ƙarshen 627 ya karya rundunarsu kusa da kangon Ninawa, daura da Mausil. Da shigowar 628 ɗan Kisra, Shiruya, ya kashe ubansa ya nemi sulhu. Malamai sun saɓa a kan wace nasara ce ayar ke nufi, wasu suka daidaita ta da ranar Badar, wasu da shekarar Hudaibiyya. Cikin wannan hali na nasara ne wasiƙar Annabi (S.A.W.) ta iske Hirƙal ta hannun Dihyatul Kalbi, har ya kira Abu Sufyan ya yi masa tambayoyin nan da Imam Bukhari ya kawo a farkon Sahihinsa.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, wannan nasara ta shekara 26 ana gwabzawa ta bar mai nasara da wanda aka ci duk a galabaice. Taska ta ƙare, ganuwoyin Sham sun zube, yaran da suka tashi a can ƙarƙashin Farisawa ba su san mulkin Rum ba. Ga kuma tsohuwar ɓaraka ta addini. Tun taron Khalƙiduniya na 451 Ƙibɗawan Masar da yawancin Nasaran Sham suka saɓa wa fada a kan ɗabi'ar Annabi Isa (A.S.), fada kuwa ta dinga tsananta musu. Saboda haka sa'ad da rundunonin Madina suka ɓullo, mutane da yawa ba su ga dalilin mutuwa domin sarkin da ke korar limamansu ba. An fara karo a Mu'uta cikin shekara ta 8 ta Hijira, inda Zaidu ɗan Harisa da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da Abdullahi ɗan Rawaha suka yi shahada. Yankan hukunci kuwa a Yarmuk aka yi shi, cikin Agusta 636, daidai da shekara ta 15. Mahayan Khalid ɗan Walid suka tare gadar da ke bayan Rumawa, rundunar ta rasa mafita sai ramukan kwari. Hirƙal yana Anɗakiya labari ya iske shi, ya yi sallama da Sham sallamar da ba komowa. Baitul Muƙaddas ta miƙa wuya ga Sayyidina Umar, Amru ɗan Asi ya shiga Iskandariyya a 642, Hirƙal kuwa ya riga ya mutu a 641, yana ganin abin da ya ƙwato yana zubewa daga hannunsa.

A nan ne masu ba da labari a gaggauce su kan yi kuskure, su haɗa Rum da Farisa su ce sahabbai sun rushe su duka biyu. Farisa kam ta rushe, sarkinta na ƙarshe an kashe shi a 651. Rum kuwa an yanke mata gaɓoɓi ne, kai ya tsira. Ta ja da baya ta fake da duwatsun Ɗurus, ta zaunar da rundunoninta cikin lardunan Anadol, watau tsakiyar Turkiyya ta yau. Mu'awiya ya gina jiragen ruwa ya karya nata a yaƙin Zatus Sawari a 655, amma birnin ya gagara. Ruwa ya kewaye shi ta gefe biyu, ta tudu kuma ga ganuwa riɓi biyu da gwalalo, wadda aka gina tun 413. Ga kuma wani makami da wani magini ɗan gudun hijira daga Sham ya kawo musu, wuta ce mai ruwa-ruwa da a ke fesawa daga bututu, tana ci ko a kan teku. Sun ɓoye sirrin haɗa ta har ya ɓace tare da su. Cikin ɗaya daga cikin hare-haren zamanin Mu'awiya ne Abu Ayyubal Ansari, mai masaukin Annabi (S.A.W.) a Madina, ya rasu yana tsoho, aka binne shi kusa da ganuwar. Babban yunƙuri shi ne na Maslama ɗan Abdulmalik a 717. Sanyin wannan shekara ya yi tsanani, guzuri ya ƙare har aka ci dabbobin hawa, wutar nan ta cinye jirage, Bulgarawa suka faɗo ta baya. Da Umar ɗan Abdul'aziz ya hau halifanci ya ba da umarnin a dawo, aka janye a 718. Daga nan halifofi ba su sake kafa sansani a gindin wannan ganuwa da nufin cin ta ba.

Akwai gefen labarin da ya taɓa ƙasar Hausa kai tsaye, ko da ya ke ba a cika faɗinsa ba. Bakin tekun Afirka ta Arewa na Rumawa ne a lokacin. Sa'ad da Uƙba ɗan Nafi'u ya kafa Ƙairawan a 670, da gangan ya nisanta ta daga gaɓa don gudun harin jiragensu. Shi ne kuma wanda Ibn Abdil Hakam ya ruwaito ya kai Kawar, wadda ke cikin Jamhuriyar Nijar a yau. Ƙarɗajanna ta faɗi a 698, sansanin sojan nan kuwa ya zama birnin ilmi. Daga cikinsa Sahnun ya fito da Mudawwana, daga cikinsa Ibn Abi Zaid ya wallafa Risala, wadda duk almajirin fiƙihu a Kambarawa ya ke bi ta kanta bayan Ahalari da Ishmawi da Iziyya. Alƙalin Ƙairawan, Asad ɗan Furat, almajirin Imam Malik, shi ya ja rundunar da ta sauka tsibirin Siƙilliyya na Rumawa a 827, can kuma ya rasu. Har wa yau ruwayar nasabar Toronkawa da malaman Sakkwato suka rubuta tana danganta su da Uƙba ta wajen uba, da Rum ta wajen uwa. Masana tarihi suna da magana a kan ingancinta, amma ta nuna sunan Rum ba baƙo ba ne a zaurukan wannan ƙasa.

Shekara 300 da suka biyo baya zaman maƙwabta ne masu hararar juna. Kusan kowace bazara sai an kai hari, lokaci lokaci kuma a haɗu a kogin Lamis kusa da Ɗarsus a yi musayar fursunoni a kan gada. Mu'utasim ya ci Ammuriyya a 838, abin da Abu Tammam ya yi wa shahararriyar ƙasidarsa. Ibn Nadim ya ba da labarin Ma'amun ya aika wa sarkin Rum yana neman littattafan Yunanawa don a fassara. Adon mihrabin masallacin Ƙurɗuba ma gwanin da aka aiko daga Ƙusɗanɗiniyya ne ya koya wa masu aikinsa. Da halifancin Abbasiyawa ya raunana, sai Rum ta farfaɗo. Niƙfur ya ƙwace tsibirin Kirit a 961, ya washe Halab a 962, Anɗakiya ta koma hannunsu a 969. Mawaƙi Abu Firas al-Hamdani ya yi shekaru yana tsare a wurinsu, can ya yi waƙoƙinsa da a ke kira Rumiyyat. Sa'ad da Sarki Basil na biyu ya mutu a 1025, taska cike ta ke, iyaka kuma ta miƙe daga kogin Danub har Armeniya.

Shekara 46 kacal bayan haka aka yi Malazkird. Ranar Jumma'a 26 ga Agusta 1071, cikin Zulƙida ta 463, Sarki Armanus ya gamu da Sulɗan Alb Arsalan na Turkawan Saljuƙ a gabashin Anadol. Wanda aka ba rundunar baya, Andronikus Dukas, ɗan gidan da ke adawa da sarkin ne. Da yamma ta yi, sahu ya rikice, maimakon ya kawo ɗauki sai ya baza cewa an karya sarki, ya janye da mutanensa. Aka kama Armanus da rauni a hannu. Sulɗan ya girmama shi, ya yanka masa fansa, ya sake shi bayan kamar mako guda. Mutanensa ne suka tuɓe shi, suka ƙwaƙule masa idanu, ya mutu da ciwon a 1072. Masu bincike na wannan zamani sun nuna cewa sojan da aka rasa a filin ba su kai yadda a ke zato ba, kuma Alb Arsalan bai nufi mamaye Anadol ba, hankalinsa yana kan Faɗimiyawan Masar. Ɓarnar a fada aka yi ta. Shekara 10 manyan gidaje suna kokawar gado, kowane mai tawaye ya ɗauki Turkawa haya, ya buɗe musu ƙofar gari ya ce su tsare masa. Ta haka Sulaiman ɗan Ƙutulmish ya sami Niƙiya, kusa da babban birnin, ba tare da ya fasa ganuwa ba. Ƙasar da ke ba daular soja da haraji ta tafi. Dinarin nan da ya yi kusan shekara 700 ba a taɓa nauyinsa da tsarkinsa ba, aka yi ta gauraya shi har zinariyar cikinsa ta zama 'yar kaɗan. Saljuƙawa suka ci gaba da kiran ƙasar Rum, shi ya sa a ke ce wa Jalaluddin na Ƙonya, wanda ya rasu a 1273, Rumi.

Neman magani ya jawo ciwon da ya fi na farko. A 1095 Sarki Aliksiyus ya roƙi Paparoma Urban na biyu ya aiko masa da sojan haya, alhali majami'un biyu sun riga sun raba gari tun 1054. Abin da ya zo masa shi ne yaƙin Salibiyya. Ya kuma riga ya yafe wa Banadiƙa, watau fataken birnin Fenis na Italiya, kuɗin fito don su taimake shi da jirage, ciniki ya fara komawa hannunsu. Gaba ta yi ta ruruwa har a 1182 mutanen birnin suka karkashe Turawan yamma da ke zaune cikinsu. Sai Salibiyya ta huɗu. An yi jinga da Banadiƙa su kai mayaƙa 33,500 Masar, waɗanda suka zo ba su kai rabin haka ba, bashi ya hau kansu. Wani ɗan sarki da aka tuɓe ubansa ya yi musu alkawarin dukiya mai yawa in sun mai da shi gida. Suka kai shi, ya kasa biya. Cikin wannan zama ne a 1203 wasunsu suka auka wa masallacin fataken Musulmi da ke bakin ruwa, Rumawan unguwar suka fito suna kare shi, gobarar da aka kunna ta lashe babban yanki na birnin. A watan Afrilu 1204 suka haura ganuwar gefen ruwa, suka yi kwana 3 suna wasoso, har cikin majami'ar Aya Sofiya. Dawakan tagulla guda 4 da suka kwashe suna Fenis har yanzu. Birnin da ya gagari Kisra da Mu'awiya da Maslama, masu gicciye a kafaɗa ne suka fara fasa shi, kuma a gaskiya daga wannan rauni bai sake miƙewa ba.

Rumawa sun ƙwato shi a 1261, amma kango suka tarar. Abin da ya rage yaƙin basasa ya cinye. A 1343 aka jinginar da duwatsun kambin sarauta ga Banadiƙa, ba a kuwa fanso su ba. Wani mai neman gado ya aurar da 'yarsa ga Urkhan, sarkin Turkawan Usmaniyya (ta Turkiyya ke nan, kada a rikita ta da ta Sakkwato), ya shigo da dakarunsa Turai. A 1354 girgizar ƙasa ta rushe ganuwar Galiboli, suka shiga suka zauna. Da ba don Taimur ya karya Bayazid a Ankara a 1402 ba, da tun lokacin an gama.

Sulɗan Muhammadu na biyu yana da shekara 21 sa'ad da ya sauka a gindin ganuwar ranar 6 ga Afrilu 1453. Birnin da ya taɓa ɗaukar mutum dubu ɗari-ɗari ya koma kamar 50,000, da gonaki a cikin ganuwa, masu tsaronsa ba su wuce 8,000 ba. Maƙerin igwa Urban, wanda ya zuba wa Sulɗan manyan igwoginsa, sarkin Rum ya fara kai wa sana'arsa, aka rasa abin biyansa. Rumawa suka tare mashigin ruwa da sarƙa, Sulɗan ya sa aka jawo jirage kamar 70 ta kan tudu a bisa gumagumai masu maiƙo, aka zuba su bayan sarƙar. Bayan kwana 53, ranar Talata 29 ga Mayu, daidai da 20 ga Jumada Ula 857, aka shiga. Sarkinsu na ƙarshe, shi ma Ƙusɗanɗin, ya mutu yana faɗa. An yi wasoso da kamun bayi kamar yadda a ke yi wa garin da aka ci da ƙarfi a wancan zamani, ba amfanin ɓoye wannan. Sulɗan ya mai da Aya Sofiya masallaci, ya kuma naɗa wa Nasara shugaban majami'arsu, Jinadiyus, a 1454. Musulmi suka ga cikar bisharar da Imam Ahmad ya ruwaito cikin Musnadinsa game da cin birnin da yabon shugaban rundunar. Shaihin Sulɗan, Aƙ Shamsuddin, ya nuna wurin kabarin Abu Ayyub, aka gina masallaci a can, unguwar kuma tana ɗauke da sunansa har yau.

A wannan ƙarni ne masu tarihi ke sa zamanin Muhammadu Korau a Katsina, Muhammadu Rumfa kuwa ya hau gadon Kano a 1463, shekara 10 bayan faɗuwar birnin. Sulɗan Muhammadu ya ƙara wa kansa laƙabin Ƙaisaran Rum. Cikin shekarun 1570 Mai Idris Aloma na Barno ya aika jakadu wurin Sulɗan Murad na uku a kan tsaron hanyar fatake da alhazai ta Fezzan, kuma a birnin Ƙusɗanɗin suka iske shi.